Ƙwayar likita da ƙwayar tasha: yadda maganin taɓin hankali ya iso mana



Akwai wata uwa da muka sani a wani ƙauye da ke kan hanyar Kornaka. Ɗanta, saurayi mai ƙarfi, ya shekara biyu a turu. Da aka ba ta shawarar a kai shi asibiti, abin da ta ce shi ne: "Can ƙwaya za su ɗura masa, mu kuwa ƙwaya ce ta kai shi haka." Ba mu yi mata dariya ba, don maganarta tana da tushe. Kalma ɗaya muke da ita a Hausa. Abin da majo ya rubuta a takarda ƙwaya ce, abin da yaro ya saya a bayan tasha shi ma ƙwaya ce, wani lokaci ma ainihin maganin iri ɗaya ne. To yau sawun waɗannan ƙwayoyi muke so mu bi, daga inda aka haɗa su har zuwa nan, don mu ga yadda aka yi wadda ke ɗaure yaro ta riga wadda ke kwance shi isowa.

Mu fara da abin da kakanninmu ke yi kafin a san wani abu wai shi Largactil. Ba su zauna sun zuba ido ba. In hankalin mutum ya juya, malam zai yi rubutu da tofi, boka zai kawo saiwa da hayaƙi, a ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi kuma ƴan bori za su yi girka in an ce iskoki ne. Wannan sana'a ta bori ta yi ƙarfi a kwarin Maraɗi har wata Bafaranshiya mai bincike, Jacqueline Monfouga-Nicolas, ta rubuta littafi a kanta a 1972. Wasu marasa lafiyar suna samun sauƙi, domin akwai ciwon da shi kansa yakan zo ya wuce, akwai kuma wanda kulawar dangi da taron jama'a ke kwantar da shi. Wanda ya ƙi lafawa, sai turu ko mari. Mu kuma faɗi gaskiya, ba mugunta ce kawai ke sa a ɗaure mutum ba. Wanda ya san zurfin rijiyoyinmu, ya san abin da wuta ke yi wa rumbu da danga, ya san mutum in ya miƙa arewa cikin daji da bazara ƙishirwa za ta kashe shi kafin a cim masa, zai gane dalilin uban da ya sa wa ɗansa sarƙa yana hawaye.

Turawan mulkin mallaka ma ba su zo da magani ba. Abin da ya dame su shi ne kada mahaukaci ya ta da hankalin bariki, saboda haka gidan kaso ne masaukinsa a mafi yawan wurare. A Senegal, daga 1897, Faransawa har jirgin ruwa suke sa marasa lafiya a kai su gidan mahaukata na birnin Marsey, kuma yawancinsu can suka mutu. Ingilishi sun buɗe irin waɗannan gidaje a Kalaba a 1904 da Yaba ta Ikko a 1907, wuraren tsarewa ne fiye da na jinya. Can Turai ɗin ma, har zuwa bayan yaƙin duniya na biyu, abin da likita ke da shi bai wuce rigar ɗaure hannu, wankan ruwan sanyi, maganin barci mai nauyi, da girgiza ƙwaƙwalwa da lantarki ba. Abu ɗaya mai amfani da ya daɗe shi ne maganin farfaɗiya da aka fito da shi a Jamus a 1912, wanda mu a ƙasashen Faransanci muka sani da Gardenal.

Canjin ya zo ne ta hanyar da ba a zata ba. A watan Disamba na 1950 wani mai haɗa magunguna a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa, Paul Charpentier, ya haɗa wani sinadari daga dangin maganin ƙaiƙayi da mura. Wani likitan fiɗa na sojan ruwa, Henri Laborit, ya gwada shi don kwantar da hankalin waɗanda za a yi wa aiki. Sai ya lura da wani abu: mutum bai suma ba, idonsa biyu, amma tsoro da firgici sun sake shi. Ya matsa wa likitocin ƙwaƙwalwa su gwada. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka ba marasa lafiyarsu a asibitin Sainte-Anne na Paris. Mutanen da suka yi shekaru suna ihu suna jin muryoyi suka fara zama a yi hira da su. Shi ne Largactil. Bayansa sai abin ya zo kamar da bakin ƙwarya. A Beljiyam Paul Janssen ya haɗa Haldol a 1958. A Ostareliya John Cade ya riga ya nuna tun 1949 cewa gishirin litiyom yana kwantar da ciwon nan mai hawa da sauka, wanda mutum zai yi makonni ba barci yana rabon dukiyarsa, sannan ya faɗa cikin baƙin ciki. Magungunan ciwon damuwa mai tsanani suka fito daga 1957, cikinsu har da wanda daga baya aka sani da Laroxyl. Valium kuma ya shigo kasuwa a 1963.

Ku duba shekarun nan da kyau. Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Ke nan Largactil da Haldol sun girmi ƙasar. Tsofaffin magunguna ne, kowane kamfani yana da izinin yin su, ba su da tsada a wurin da ake sarrafa su. A 1977, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin farko na magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba, suna ciki.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne Afirka ba ta zama ƴar kallo ba a wannan tarihi. Bokayen Yarbawa sun daɗe suna ba masu taɓin hankali saiwar wata bishiya da ake kira rauwolfiya, kuma daga ƴar uwarta ta Indiya ne wani kamfanin Suwizalan ya tace maganin hawan jini da na hauka a 1952, shekarar da ake gwajin Largactil. A Abeokuta, likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a 1954 a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro: mara lafiya ya sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansa, da safe ya zo asibiti ya karɓi magani, da yamma ya koma cikin mutane, kuma Lambo bai kori bokaye ba, ya yi aiki da su. A Dakar, Henri Collomb ya yi kusan haka a asibitin Fann daga 1959, inda ba a kwantar da mara lafiya sai da mai jinya daga danginsa. Duniya ta zo ta koyi wannan a wurinsu. Lambo ma har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama.

To mu fa? A nan Nijar, wurin da kowa ya sani shi ne Pavillon E na babban asibitin ƙasa da ke Yamai, sunan da har ya zama abin zolaya a bakin ƴan birni. Shekaru da dama likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar nan da yatsun hannu ake ƙirga su, kuma kusan dukansu a Yamai suke. A jihohi, ma'aikatan jinya da aka horar kan lafiyar ƙwaƙwalwa su ke ɗauke da nauyin. Daga Dakoro zuwa Maraɗi sama da kilomita 100 ne, daga Maraɗi zuwa Yamai sama da 600. Wanda bai taɓa shiga motar haya da mutum mai fisge-fisge ba, bai san abin da tafiyar nan take nufi ba. Direba zai ce sai an biya kujeru uku, fasinjoji su ce su ba za su shiga ba. Shi ya sa masu ɗan hali da yawa suka fi ganin sauƙin tsallaka iyaka, su nufi Katsina, ko Kware kusa da Sakkwato, ko Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna. Mara hali kuma ya koma wa turu.

Sai maganar kuɗi ta shigo. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin da mara lafiya zai riƙa biyan wani abu na magani a ƙananan asibitoci. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Manya suna tune da wannan shekara: abin da ake shigowa da shi daga Faransa ya tashi a dare ɗaya, magani yana kan gaba. Talaka ya duba farmasi ya ga ba wurin zuwansa ba ne. Masu magani a faranti, a kwali, a bayan keke suka cika kasuwannin ƙauye, kayansu na shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa da sauran hanyoyin da duwan ba su iya tsarewa. Ba takarda, ba awo, ƙwaya ɗaya ma za a ɓalle maka.

A nan ne abin ya karkace, kuma muna roƙon ku tsaya ku gane shi sosai. Mai faranti ɗan kasuwa ne, abin da ake dawowa a sake saya shi yake ɗauka. Ba wanda ke shan Haldol don daɗi. Nauyin jiki yake sa wa, ya daskarar da mutum, ya sa miyau ya zuba. Saboda haka ba za ka gan shi a faranti ba. Amma Valium, wanda yara ke kira D5, yana sanyaya jiki ya kawar da tunani, ya samu kasuwa. Rohypnol, da ake ce wa roci saboda sunan kamfanin Roche da ke jikinsa, ya samu kasuwa. Kasuwa ta shiga kantin likitan ƙwaƙwalwa ta tsince masu sa maye, ta bar masu warkarwa a can.

Labarin Artane ya fi ba mu takaici. Largactil da Haldol suna aiki ne ta hanyar rage ƙarfin wani sinadarin saƙo a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, wanda in aikinsa ya yi yawa a wani sashe mutum yakan ji muryoyin da babu, ya yi ta zargin ana bin sa. Matsalar ita ce wannan sinadari shi ne kuma ke sa gaɓoɓi su motsa a sake. In an danne shi, sai hannu ya kama rawa, tafiya ta zama ta sanda, wani ma wuyansa ya murɗe, harshe ya fito, idanu su kafe sama. Artane, wanda a Najeriya aka fi sani da Exol, shi likita ke bayarwa don ya warware wannan. Ɗan rakiya ne. Amma in an sha shi da yawa yana sa maye da gane-gane, sai matasa suka gano. Yau ga shi a aljihun yaron da lafiyarsa ƙalau, mara lafiyar da aka yi shi dominsa kuwa wani lokaci a je nema a ce ya yanke.

Ku yi tunanin gidan da aka daure aka kai mara lafiya asibiti, aka dawo da magani, kwana uku sai wuyansa ya juye, ido ya kafe. Me tsohuwa za ta ce? Za ta ce mutanen ɓoye sun yi fushi, ba sa son maganin asibiti. A zubar da sauran, a koma gidan jiya. Alhali abin da ya faru sananne ne, ƙwaya ɗaya ko allura ɗaya ke warware shi, sannan a rage yawan maganin. Rashin wanda zai yi wa dangi wannan bayani na minti biyar ya mayar da mutane da yawa turu. Haka nan ba a cika gaya musu cewa maganin yana ɗaukar makonni kafin muryoyin su lafa ba, kuma in an ga sauƙi aka daina, ciwon yakan dawo. Mai farfaɗiya da ke shan Gardenal ma haka: in ya yanke shi rana ɗaya, faɗuwar da za ta biyo baya tana iya fin ta da muni. Mu nan da ake girki a murhu a ƙasa, kowa ya san mace ko yaro mai tabon wuta daga irin wannan faɗuwa.

Duk wannan somin taɓi ne in aka kwatanta da tramol.

Shi tramol ba maganin ƙwaƙwalwa ba ne, na ciwo ne. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa shi a 1962, ya fara sayar da shi a 1977 da sunan Tramal. Dangin mofin ne amma mai rauni, don haka ba a sa shi cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin duniya suka sa wa takunkumi ba. Wannan ƙofa ce aka bari a buɗe. Da haƙƙin mallakarsa ya ƙare, kamfanoni a Indiya suka shiga yin sa da araha, jiragen ruwa suna sauke shi a Kwatano da Lome da Ikko, manyan motoci suna haurowa da shi arewa. Wani ya tsaya a nan, wani ya wuce Agadas zuwa Libiya. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ga babban mutum. Na kasuwa kuwa 120 ne, 200, 225, har 250 a ƙwaya ɗaya, ƙarfin da ba don mara lafiya aka yi shi ba. Yaro ya haɗa uku ya jefa a shayi ko nescafe, kun ga lissafin.

Me ya sa ya kama mu haka? Don ba da sunan maye ya shigo ba, da sunan maganin gajiya ya shigo. Ban da kashe ciwo, tramol yana taɓa waɗansu sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda maganin damuwa ke taɓawa, sai mutum ya ji karsashi, yunwa ta ɗauke, rana ba ta dame shi ba. Mai noman ƙwadago da ke son ya gama gona biyu a yini, ɗan kabu-kabu, mai haƙar rijiya, mai dako a kasuwa, makiyayin da zai kwana yana jan guga, da yaranmu da suka bi ayarin zinariya zuwa Jado daga 2014, duk ba neman lalacewa suka fita yi ba. Abinci suka fita nema. Daga wurin aiki ya shiga fada, ya shiga gidan biki, ya shiga ɗakin mata. Likitocinmu sun hango abin da wuri: a 2012 Djibo Douma Maiga da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan yadda yara da matasa masu zaman titi a Yamai ke shan sa.

Har dabbobi ba su tsira ba, kuma akwai wani labari mai ban dariya da ban tausayi a kan haka. A 2013 wasu masana daga Faransa suka ba da sanarwar sun gano tramol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta murna wai ashe Allah ya halicce shi a bishiya. Shekara ɗaya bayan haka masana daga Jamus suka koma suka duba. Sai suka tarar manoman yankin suna sha, suna kuma ba shanun huɗa, shanun su je inuwar bishiya su yi fitsari, saiwa ta tsotse. A kudancin ƙasar, inda ba a wannan ɗabi'a, ba su samu komai a saiwar ba.

Ranar biyan bashi kuwa tana zuwa. Jiki yana sabawa, biyu ta koma huɗu. In ya yi yawa yana kawo faɗuwa da shure-shure kamar farfaɗiya, kuma da yawa daga haɗarin babur da muke cewa tsautsayi, a bincika. In an haɗa shi da D5 ko giya, numfashi yana iya tsayawa cikin barci. Ranar da babu shi kuma, ga ciwon gaɓoɓi, ga zufa, ga gudawa, ga rashin barci, ga wani baƙin rai da faɗa da kowa. Yaron da kuka ga ya ɗaga wa uwarsa murya a kan dala ashirin, sau da yawa wannan azaba ce ke cin sa.

Hukumomi sun motsa, amma a makare. Masar ta tsananta dokarta a 2012. Nijar ma ta sa shi cikin abin da ba a sayarwa sai da takardar likita, kuma hukumar OCRTIS da jandarmomi da duwan suna kamawa, ana tarawa a ƙona. A Najeriya, wani babban bincike na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun sha wani abin maye a cikin shekara ɗaya, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramol da kodin ne. A watan Mayu na shekarar gwamnatinsu ta hana yin maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan wani fim na BBC da aka ɗauki wani sashensa a Kano. Indiya ita ma ta sa wa tramol takunkumi a watan Afrilu na 2018. Kuɗinsa ya tashi. Sai ƴan kasuwar suka canza riga: suka kawo wani haɗin na tafentadol, wanda ya fi tramol ƙarfi, da wani maganin sakin jijiya, a cikin kwali mai kama da na da, da sunaye irin su Tafrodol. A watan Fabrairu na 2025 BBC ta bankaɗo wani kamfani a Mumbai da ke yin sa, Indiya ta hana haɗin nan take. Yaron da ke saya a tasha har yau tramol yake ce masa, bai san abin da ke ciki ya canza ba.

Wani zai ce to a hana shi kwata-kwata mana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba wannan sau da yawa ta ja da baya, kuma dalilinta abin ji ne. A ƙasashe irin namu mofin kusan babu shi. Mai ciwon daji, mai amosanin jini, wanda ya karye, matar da aka yi wa fiɗa, tramol na asibiti shi ne abin da ke tsakaninsu da kururuwa. In an rufe ƙofar da ƙarfi su za a fara matsewa, mai fasa-ƙwauri kuwa ya san wata hanya.

Saura tambayar da iyaye suka fi yi mana: akwai maganin daina ƙwaya? Akwai, amma ba irin wanda ake zato ba. Babu wata allura ko ƙarin ruwa da ke "wanke jini" mutum ya tashi ya manta da ita. Duk wanda ya karɓi kuɗinku da wannan alkawari, ku bi shi bashi. Abin da duniya ta gano ya faro ne daga Amurka a tsakiyar shekarun 1960, inda likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka nuna cewa in an ba mai shan hiroyin wani magani mai suna metadon sau ɗaya a yini, a ƙarƙashin ido, ƙishin ƙwayar yana kwanciya, ya koma aiki da iyalinsa. An yi ta musu, ana cewa an musanya maye da maye. Sakamakon ne ya kashe gardamar: masu karɓar sa sun fi rayuwa. A 2005 aka sa metadon da ɗan uwansa bufurenofin cikin jerin magungunan dole na duniya. A Afirka ta Yamma, Senegal ce ta fara, da cibiyar CEPIAD da aka buɗe a asibitin Fann a ƙarshen 2014, wato gidan Collomb na da. Akwai kuma nalokson, allurar da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi in an same shi da wuri.

Ga mai tramol, abin da likitoci suka fi yi shi ne a rage masa a hankali a hankali, a ba shi abin da zai sassauta ciwon jiki da gudawa da rashin barci na makonnin farko, a kuma duba abin da ke ƙasa, don wasu ciwon damuwa ne ya kai su, wasu kuma taɓin hankalin ne ya fara suka nemi ƙwaya don su yi barci. Mai shan D5 da yawa ma ba a yanke masa rana ɗaya, yana iya faɗuwa. Kuma komawa bayan an daina yana cikin halin ciwon, kamar yadda mai hawan jini ke komawa asibiti. Aiki ne na watanni, yana son ma'aikaci mai haƙuri a kusa da gida.

Da yake ba a samu wannan ba, sai gidajen mari suka cike gurbin. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawa da sarƙa a ƙafa. Bayan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne iyaye da kansu suka kai ƴaƴan, suna biyan kuɗi duk wata, wasu ma daga ƙasashen maƙwabta. Ba ƙiyayya ta sa su ba, wurin zuwa suka rasa. A cikin ɗaki ɗaya za ka samu mai shaye-shaye, da mai farfaɗiya, da mai jin muryoyi, da yaron da rashin ji ne kawai, duka maganinsu bulala.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri da ke cewa ba sai an jira likitan ƙwaƙwalwa ya zo kowace gunduma ba. A horar da majo da ungozoma na CSI su gane manyan cututtukan nan, a ajiye musu magunguna ƙalilan, tsofaffin nan masu araha, mai wuya kuma a tura shi gaba. Wannan shi ne abin da ya dace da ƙasa mai faɗi irin tamu, daga Sabon Mashi har iyakar Bermo. Muna ganin ya kamata kwamitocin lafiya na ƙauyuka su riƙa tambaya a taro, kamar yadda ake tambayar maganin zazzaɓi da na tamowa: akwai Gardenal a kantinmu? Akwai Haldol da ɗan rakiyarsa? In sun yanke, wa aka gaya wa? Malamanmu ma suna da babban rabo, don su ake fara kai wa. Malamin da ya yi addu'arsa ya ce a wuce asibiti bai rage komai daga addininsa ba, mun kuma san waɗanda ke yin haka.

Uwar nan da muka fara da ita, daga baya ƙanenta ya dawo daga ci-rani ya matsa, aka sayar da akuya biyu aka kai yaron Maraɗi. Aka gano ba tramol kaɗai ba ne, ciwon ya riga ƙwayar. Aka sa shi a kan allurar nan ta wata-wata, irin Haldol ɗin da ke narkewa a jiki a hankali, aka yi mata bayanin abin da za ta gani da abin da za ta yi. Cikin wata na uku ya fita gona. Da damina ta yi nisa, hatsi ya ƙare a rumbu, kuɗin mota ya gagara, ya tsallake wata biyu, barcinsa ya fara gudu. Suka ci bashi suka koma. Ranar da muka je gaishe su yana zaune yana gyaran igiyar guga, ya amsa gaisuwa har da tambayar mutanen gida. Turun yana nan jingine a bayan rumbu. Ƙanen ya so ya faskara shi a yi wuta, ita ta hana.